TSOHON MAGANIN CIWON BARCI YA SAMI SABON AIKI A ƊAKIN GWAJI

Wani tsohon magani da aka yi shekara fiye da 80 ana yi wa masu ciwon barci allurarsa a ƙasashen Afirka, yanzu masana kimiyya sun sāke ɗauko shi suna jarraba shi a kan wata cuta dabam wadda ba don ita aka yi shi ba. Sunan maganin fentamidin, cutar kuwa ita ce shigar ƙwayoyin bakteriya cikin jinin mutum, musamman irin ƙwayoyin nan masu taurin kai da suka daina jin magungunan da asibitoci suka dogara da su.

Tun da fari ya kamata mai karatu ya san cewa babu wata hukumar magunguna a duniya da ta yarda a yi wa mai irin wannan cuta magani da fentamidin. Abin da aka tabbatar duk a ɗakin gwaji ne da jikin ɓeraye. Amma duk da haka labarin ya isa a tsaya a ji shi, domin cutar da ake neman maganinta tana cin rayuka a wannan yanki na Afirka ta Yamma fiye da ko'ina, maganin kuma tarihinsa a haɗe yake da namu.

YADDA CUTAR TAKE

Jinin mai lafiya ba ya ɗauke da bakteriya. Amma idan ciwon huhu ya yi tsanani, ko ciwon mafitsara, ko wani miki ya ruɓe, ko cibiyar jariri ta kama, ko mai jego ta sami rauni wajen haihuwa, to ƙwayoyin sukan sami hanya su faɗa cikin jini. Wani lokaci ma robar ƙarin ruwa da aka bari ta daɗe a jijiya ita ce takan zama musu ƙofa. Da zarar sun shiga, sai jiki ya tashi tsaye don ya yaƙe su, kuma sau da yawa wannan yaƙin ne yakan wuce gona da iri har ya koma yana lalata gaɓoɓin mai shi. Zazzaɓi ya rufe mutum da makyarkyata, numfashi ya koma sama-sama, hankali ya gushe, fitsari ya ɗauke, ƙarfin bugun jini ya faɗi. In ba a yi hanzari ba, cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki kaɗan sai rai ya yi halinsa.

Wani ƙiyasi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a cikin shekarar 2017 kaɗai mutum miliyan 48.9 ne suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 daga cikinsu suka rasu. Watau kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar da aka yi a duniya a wannan shekara. A watan Janairu na 2022 kuma mujallar ta sāke buga wani lissafi game da ƙwayoyin da ba sa jin magani, inda aka ce su ne kai tsaye suka kashe mutum miliyan 1.27 a 2019. Da aka raba lissafin yanki-yanki, Afirka ta Yamma ce ta zo kan gaba, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

Ba a nesa abin yake ba. Tsakanin 2015 da 2017 masana daga Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, tare da likitocin ƙasashe bakwai, sun bi diddigin jarirai fiye da 36,000 don su gano irin ƙwayoyin da ke shiga jinin sababbin haihuwa. Cikin asibitocin da aka yi aikin har da na Kano da Abuja. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna wata ƙwaya mai suna Kilebsiyela ce ta fi yawa, kuma galibin irin waɗannan ƙwayoyi sun daina jin amfisilin da jentamaisin, alhali kuwa su ne magunguna biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba jariri.

ƘWAYA MAI GANUWA BIYU

Don a gane amfanin da ake hange ga fentamidin, sai an koma ga wani bambanci da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya gano a 1884. Ya lura cewa idan aka rina bakteriya da wani irin launi sannan aka wanke, waɗansu sukan riƙe launin, waɗansu kuma su sake shi. Daga baya aka fahimci dalili. Masu sakin launin suna da wata fata ta biyu daga waje, wadda masu riƙe launin ba su da ita.

Wannan fata ta waje tamkar ganuwar birni take. Tana da 'yan ƙananan ƙofofi da abinci ke bi ya shiga, amma magani mai girman jiki, ko mai maiƙo, ba ya iya wucewa. Saboda haka akwai magunguna masu ƙarfi a kantin asibiti, irin su eritromaisin da rifamfisin da nobobayosin, waɗanda da za su sami shiga ciki da sun yi wa ƙwayar illa, amma sai su tsaya a bayan ganuwa. Kilebsiyela da I-kolai da Asinetobakta duk 'yan wannan gida ne. An shafe fiye da shekara 50 ba a fito da wani sabon jinsin magani na musamman don su ba.

Da magungunan da ake da su suka fara gazawa ɗaya bayan ɗaya, sai likitoci suka koma wa kolistin, wani magani da aka gano a Japan wajen 1950, aka kuma yi watsi da shi a shekarun 1970 saboda yana ɓata ƙoda. Shi aikinsa fasa ganuwar ne. Ya zama makamin ƙarshe, wanda ba a ɗauko shi sai an rasa yadda za a yi. To, ana nan sai a watan Nuwamba na 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da labarin cewa sun sami wani ƙwayar gado mai suna mcr-1 a jikin bakteriyar aladu da naman kasuwa da majinyata, wanda ke sa kolistin ya kāsa manne wa ganuwar. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bakteriya tana iya miƙa wa 'yar'uwarta wannan gado kamar yadda ake miƙa goro, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ba a daɗe ba aka riƙa samunsa a nahiyoyi dabam-dabam. A watan Fabrairu na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin da ake bukatar sabon magani dominsu cikin gaggawa, kuma masu ganuwa biyun nan su ne a sahun farko.

ABIN DA AKA GANO A KANADA

Kwanaki kaɗan bayan wannan jeri, a watan Maris na 2017, mujallar Nature Microbiology ta buga sakamakon wani bincike daga Jami'ar McMaster da ke birnin Hamilton a Kanada. Shaihun malami Eric Brown ne shugaban ɗakin gwajin, ɗalibinsa Jonathan Stokes kuma shi ne ya ja ragamar aikin.

Hanyar da suka bi tana da ban mamaki. Akwai wani magani, bankomaisin, wanda ba ya taɓa I-kolai saboda ganuwa ta tare shi. Amma sun riga sun lura cewa idan aka ajiye ƙwayar cikin sanyi sai ganuwar ta sauya, bankomaisin ya sami shiga ya kashe ta. Sun kuma lura da wani abu da ya zo a juye, watau idan aka taɓa ginin ganuwar ta wata hanya, sai wannan tasiri na sanyi ya ɓace, ƙwayar ta tsira. Sai suka mai da wannan ya zama ma'auni. Suka ɗauko tsofaffin magunguna 1,440 waɗanda an riga an yarda da su don waɗansu cututtuka, suka zuba kowanne a kan I-kolai tare da bankomaisin a sanyin digiri 15. Duk wanda ya hana bankomaisin aiki, alama ce yana taɓa ganuwa. Cikin wannan tankaɗe da rairaya fentamidin ya fito fili.

Da suka matsa bincike, sai suka ga yadda yake yi. Tubalan da aka gina ganuwar da su suna ɗauke da caji iri ɗaya na lantarki, don haka da za a bar su da sun ture juna. Abin da ke riƙe su wuri guda shi ne sinadaran magniziyam da kalsiyam, waɗanda ke zama tsakaninsu kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa tsakanin tubali da tubali. Shi kuwa fentamidin siriri ne mai kai biyu, kowane kai da cajin da ke manne wa tubalan. In ya manne sai ginin ya saki, ya yi tsaga. Shi kaɗai, a gwargwadon da aka zuba, ba ya kashe ƙwayar. Amma idan aka haɗa shi da rifamfisin ko nobobayosin ko eritromaisin, sai waɗannan su bi ta tsagar su shiga su yi aikinsu. Daɗin daɗawa, haɗin ya yi aiki har a kan ƙwayoyin da ke ɗauke da mcr-1, waɗanda kolistin ya gaza a kansu.

Daga nan suka koma kan ɓeraye. Suka sa musu Asinetobakta a jiki har ta bazu cikin jini da gaɓoɓi, adadin da ya isa ya kashe su. Waɗanda aka ba fentamidin shi kaɗai, ko nobobayosin shi kaɗai, ba su tsira ba. Waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa kusan dukkansu sun rayu, har da waɗanda aka sa wa irin ƙwayar da ba ta jin kolistin.

MAGANI MAI DOGON TARIHI

Wannan ba shi ne karo na farko da fentamidin ya sauya sana'a ba. Asalinsa ma daga wani kuskure ya fito. A shekarun 1930 masana sun san cewa ƙwayar ciwon barci, wadda ƙudan tsando ke ɗaukowa, tana shan sukarin jini da yawa. Sai waɗansu suka yi tunanin cewa in aka ba dabba maganin rage sukari mai suna sintalin, yunwa za ta kashe ƙwayar. Aka gwada, ƙwayar ta mutu. Amma a 1937 Warrington Yorke da abokin aikinsa E. M. Lourie, a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, suka nuna cewa ba yunwa ce ta kashe ta ba, maganin ne da kansa yake mata guba. Wannan ya sa aka shiga harhaɗa 'yan'uwansa, har Arthur Ewins na kamfanin May & Baker a Ingila ya fito da fentamidin a ƙarshen shekarun 1930.

Lokacin kuwa ciwon barci ya addabi Afirka. A Nijeriya ta Arewa annobar ta kai har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta tayar da ƙauyuka a yankin Anchau na lardin Zazzau, aka sassare kurmin bakin rafuka inda tsando ke zama, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Saboda wannan cuta da 'yar'uwarta ta shanu, watau sammore, aka kafa cibiyar bincike a Kaduna wadda har yau tana nan. Fentamidin ya shigo ya zama maganin matakin farko na cutar, kafin ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa, domin in ta kai can maganin ba ya iya bin ta.

A ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka mallaka an wuce nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa tara mutanen ƙauye gaba ɗaya, masu ciwo da masu lafiya, ana yi musu allurarsa da sunan Lomidine, bisa zaton allura ɗaya tana kāre mutum wata shida. An yi wa miliyoyin mutane, galibi ba da son ransu ba. Masanin tarihi Bafaranshe Guillaume Lachenal ya rubuta littafi a 2014 a kan wannan al'amari, inda ya kawo abin da ya faru a yankin Yokadouma na gabashin Kamaru a watan Nuwamba na 1954. Ruwan da aka dama garin maganin da shi ya gurɓata da bakteriya, ɗaruruwan mutane naman jikinsu ya kumbura ya ruɓe inda aka soka allura, wajen mutum 30 suka rasu. Daga baya aka gane cewa kariyar wata shidan ma ba ta tabbata ba, aka daina.

Sana'arsa ta biyu a Turai ta fara. A 1958 likitoci a Hangari suka gwada shi a kan wani ciwon huhu da ke kashe jarirai raunana, ya yi aiki. Ciwon ba shi da yawa, don haka a Amurka ba a sayar da maganin a kanti, sai dai likita ya roƙa daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar da ke Atlanta. A farkon 1981 wata ma'aikaciya da ke kula da waɗannan takardun roƙo, Sandra Ford, ta lura cewa buƙatun sun yi yawa ba kamar yadda aka saba ba, kuma na samari ne waɗanda ba a san dalilin raunin jikinsu ba. Abin da ta kai rahoto yana cikin alamun farko da suka sa duniya ta san da ciwon ƙanjamau. Ana kuma amfani da shi a kan waɗansu nau'o'in cutar lishmaniya.

Yau aikinsa na asali ya ragu ƙwarai. Masu ciwon barci da ake samu a duniya sun faɗi ƙasa da 1,000 a shekara tun 2018, kuma daga 2019 an sami ƙwayar haɗiya mai suna feksinidazol wadda ta karɓi yawancin aikin. An bar wa fentamidin yara 'yan ƙasa da shekara 6 ko masu nauyin ƙasa da kilo 20.

INDA GIZO KE SAƘA

Dalilin da ya sa masana ke tonon tsofaffin magunguna a fili yake. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 da dukiya mai yawa kafin ya isa asibiti, kuma kamfanoni ba sa ganin riba a maganin da za a sha kwana bakwai a warke, wanda likitoci za su ɓoye sai ranar tsanani. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon maganin bakteriya a 2018, amma kafin shekara ta zagayo ya karye. Tsohon magani kuwa an riga an san yadda jiki ke ɗaukarsa da irin illar da yake yi. Ciwon barcin kansa ya taɓa cin moriyar wannan dabara, domin iflonitin, wanda ya tashi majinyatan da suka riga suka sume, don ciwon daji aka fara harhaɗa shi.

Sai dai fa illar da aka sani ga fentamidin ba ƙarama ba ce. Yana iya kayar da ƙarfin bugun jini farat ɗaya, shi ya sa ake kwantar da majinyaci kafin a yi masa allurar. Yana ɓata ƙoda. Yana taɓa gaɓar da ke sarrafa sukari, sukarin ya faɗi warwas, a wasu mutane kuma daga baya ya bar su da ciwon sukari. Yana kuma rikita bugun zuciya. To, mai cutar jini dama bugun jininsa a ƙasa yake, ƙodarsa tana gab da tsayawa. Ba shi irin wannan magani abu ne da kowane likita zai yi dogon tunani a kai. Ga kuma wata matsala, gwargwadon da ake zubawa a kwalbar gwaji kafin ganuwar ta tsage ya fi abin da ke taruwa a jinin mutum idan an yi masa allurar da aka saba.

Abokan haɗin ma kowanne da nasa zance. Nobobayosin an daɗe da daina ba mutane shi, sai a wajen likitocin dabbobi ake ganinsa. Rifamfisin kuwa shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, kuma ƙasa irin Nijeriya mai ɗimbin masu wannan ciwo ba za ta so a riƙa watsa shi ga kowace cuta ba, har ƙwayar tarin ta saba da shi.

Akwai kuma darasin da aka koya ba da daɗewa ba. Lokacin annobar korona an ga kulorokwin da ibamektin, su ma magungunan ƙwayoyin cuta masu zaman cin jiki, sun hana ƙwayar yaɗuwa a kwalbar gwaji. Jama'a suka ruga kantunan magani, har hukumomin lafiya na Ikko suka ba da labarin waɗanda kulorokwin ya yi wa guba a watan Maris na 2020. Da aka yi manyan gwaje-gwaje a kan dubban majinyata, sai aka tarar ba su hana mutuwa ba. Tsakanin ɓera da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin magungunan da suka kama hanyar ba sa kaiwa.

Masanan McMaster ba su jahilci wannan ba. Shi ya sa maimakon su nufi majinyata da tsohon maganin, sai suka koma suna sassaƙa shi. Suka harhaɗa 'yan'uwansa masu yawa, suna sauya wani sashe na jikinsa suna aunawa, don su sami wanda zai tsaga ganuwa ba tare da ya taɓa zuciya da sauran gaɓoɓi ba. A 2022 Craig MacNair da abokan aikinsa a ɗakin gwajin Brown suka ba da labarin ɗaya da suka kira P35. Ya fi fentamidin ƙarfin buɗe wa magani hanya, illarsa ga ƙwayoyin jikin dabba ta ragu, kuma da aka haɗa shi da nobobayosin ya yi aiki a kan Asinetobakta a jikin ɓeraye. Amma a nan akwai abin lura. P35 sabon sinadari ne, ba a taɓa ba ɗan Adam shi ba, saboda haka gajeriyar hanyar da ake kwaɗayi ga tsohon magani ba ta shafe shi ba. Dole ya bi dukkan matakan gwaji tun daga farko kamar kowane sabon magani.

Ko da ranar ta zo aka sami irin wannan haɗi a kasuwa, ba zai amfani majinyaci ba sai likita ya san wace ƙwaya ce ke cikin jininsa da kuma magungunan da ta daina ji. Sanin haka yana bukatar a ɗebi jini a shuka shi cikin kwalba ta musamman, a jira kwana biyu ko uku ƙwayar ta tsiro, sannan a jarraba ta da magunguna ɗaya-ɗaya. A ƙasar nan galibi sai a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin birane ake wannan gwaji, kuma iyalan majinyaci ne ke biya. A ƙananan asibitoci likita yakan duba alamun da ke gabansa ne ya zaɓi maganin da yake zato, in bai yi ba ya sauya wani.